Hari, Kura da Guguwa: Alamtarwar Yaƙi, Tsoro da Sharrin Ɗan Adam a Littafin Shaihu Umar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan ƙagaggun labarai guda biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Talifi ta Zariya a shekarar 1933, aka fara buga su a 1934. Sauran su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, shekara guda bayan kisan marubucin, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

An saba karanta littafin a makarantu a matsayin labarin haƙuri da yarda da ƙaddara: yaro ya faɗa bauta, Allah Ya fitar da shi, ya zama babban malami. Wannan karatu gaskiya ne, amma bai ƙure littafin ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa marubucin ya gina labarinsa a kan alamomi uku, wato hari da kura da guguwar hamada, kuma da su ya bambance bala'in da ya fito daga hannun mutum da wanda ya sauko daga sama. Wanda ya cakuɗa su biyun zai fita daga littafin da gurguwar fahimta game da ƙaddara, irin wadda ke wanke azzalumi. Batun ya shafi ɗaliban ƙasar Zazzau ta arewa kai tsaye, domin Maƙarfi na cikin wuraren da labarin ya ratsa, kuma mahaifiyar tauraron 'yar Fatika ce.

Taƙaitaccen labari

Labarin ya buɗe a Rauta, kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa. Ya ce shi mutumin Kagara ne. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafade na kusa da sarki. Sarki ya tura hari ƙasar Gwari. Da aka dawo, fadawa masu hassada suka ƙulla wa Makau sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Aka washe gidansa, aka kore shi. A daji ya gamu da wani maharbi da ya taimake shi, ya nuna masa hanyar Maƙarfi, inda ya sami wurin zama. Ya aika a ɗauko masa iyalinsa, amma kafin a taso, mahaifiyar ta tafi Fatika sallamar iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Kura ta cinye ɓarawon a daji, wasu mutanen ƙauye suka tsinci yaron, daga baya mahara suka kama shi, ya ƙare a Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwar ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka ƙetare hamada da ita, ta zama baiwa. Sun sadu bayan shekaru masu yawa, ta rasu jim kaɗan da ganinsa. A hanyar dawowa guguwa ta halaka ayari, har da Abdulkarim, Umar ya tsira.

Hari: yaƙin da ya koma gida

Abu na farko da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne yadda aka siffanta yaƙi. A Ganɗoki, wanda aka buga tare da shi, yaƙi fagen jaruntaka ne, da kirari da sukuwa da fuskantar Nasara. A Shaihu Umar babu kirari. Harin da aka kai ƙasar Gwari ba a ce an yi shi don kare gari ko ɗaukaka addini ba. Sarki ne ke da bukata, sai ya tura mahaya su kamo mutane a gonakinsu. Marubucin ya ba da labarin da murya shiru, kamar mai lissafin kayan kasuwa, kuma wannan shirun shi ne hukuncinsa: yaƙin da aka cire masa manufa ya zama fatauci da makami.

Daga wannan hari duk wata musiba ta littafin ta tsiro. Ganimar da aka kawo ita ta haifar da hassada a fada, hassada ta haifar da ƙarya, ƙarya ta kori Makau, korar ta raba uwa da ɗa. Mutumin da ya fita da safe don ya raba 'ya'yan wasu da iyayensu, ɗan da yake riƙo ne aka sace, kuma daga baya mahara irinsa suka kama yaron. Tsarin labarin da kansa yana cewa wutar da aka kunna a gonar maƙwabci ba ta san iyaka ba. Hari a nan alama ce ta zaluncin da al'umma ta halatta wa kanta a kan na waje, ta wayi gari yana cin na ciki.

Akwai kuma wani abin lura na fiƙihu. Laifin da aka ɗora wa Makau shi ne ha'inci a cikin ganima, abin da malamai ke kira gululi, wanda aya ta 161 ta Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi a kansa. Fada ta yi fushi don an ce an ɓoye bawa, amma babu wanda ya tambaya ko kamun kansa ya halatta. An riƙe reshen hukunci, an saki tushensa. Sannan sarki ya zartar da hukunci da maganar mahassada, ba tare da binciken da aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta wajabta ba. Wanda ya karanta Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zai tuna cewa ƙwace dukiyar mutane ba bisa shari'a ba na cikin al'adun mulkin da Shehu ya soka. Wanda ya karanta Tazyinul Waraƙat kuwa zai tuna kukan Abdullahi ɗan Fodiyo game da waɗanda suka karkata ga tara bayi da dawaki da ƙwaraƙwarai tun jihadi bai ƙare ba. Fadar da Ɓalewa ya zana ita ce abin da Malam Abdullahi ya hango yana tsoro.

Tarihi ya gaskata hoton. Masarautar Zazzau ta ƙarni na 19 ta dogara ƙwarai da hare-hare a kudancinta, kuma bayi na cikin abin da take aikawa Sakkwato. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi ƙuruciyarta a kan iyakar Kano da Zazzau, kuma ta ba da labarin yadda mahara suka kama danginta Musulmi 'yantattu, aka yi ta haɗa kuɗin fansa. Lokacin da littafin Ɓalewa ya fito, ba a ma soke bauta baki ɗaya a dokar Arewa ba, sai a 1936. Masu karatunsa na farko sun san mutanen da abin ya ci.

Kura: tsoro da inda yake fitowa

A tunanin Bahaushe kura ita ce dabbar dare, mai kwaɗayi, mai tsoro, mai ɗaukar abin da aka bari ba tsaro. Da ita ake tsorata yara. Marubucin ya ɗauki wannan sananniyar alama ya juya ta. Wanda ya ɗauke yaro daga gida mutum ne. Kura ta gaske da ta zo, ɓarawon ta ci, ta bar yaron. Dabbar da ake tsoro ta zama sanadin kuɓuta, ɗan Adam da ake amincewa da shi ya yi aikin kura.

Ɗalibin Alƙur'ani ba zai rasa jin amon Suratu Yusuf a nan ba. A can ma hassada ce farkon lamari, an jingina laifi ga kerkecin da bai ci kowa ba, an sayar da yaro 'yantacce da 'yan kuɗi kaɗan, an kai shi Masar, wanda ya saye shi ya yi fatan riƙonsa kamar ɗa, mahaifi ya yi ta baƙin ciki har ya rasa gani. A Shaihu Umar uwa ce ta ɗauki matsayin mai baƙin cikin. Ba lallai ne a ce marubucin ya zauna ya kwaikwayi surar ba; duk wanda ya tashi a makarantar allo yana ɗauke da wannan ƙissa a ransa. Abin da ya haɗa su shi ne darasi ɗaya: dabba ba ta da laifi, laifin na 'yan'uwa ne. Kuma a surar ne, a aya ta 53, aka ambaci rai mai yawan umurni da mummuna, wanda shi ne mafarin abin da fadawan Kagara suka aikata.

Haka daji yake a littafin. Ana zaton nan ne wurin halaka, amma a daji Makau ya gamu da maharbin da ya cece shi, kuma mutanen ƙauye ne suka tsinci yaron da ba su san asalinsa ba suka rene shi. Wuraren da aka cuci mutane su ne fada da kasuwa da masaukin fatake, wato wuraren da ake taƙama da wayewa. Wanda ya yaudari uwar Umar bai zare mata takobi ba. Alkawari ya yi mata cewa zai sada ta da ɗanta. Harshe ya yi mata abin da mashi bai yi ba, kamar yadda harshe ya rushe gidan Makau. Tsoron da littafin ke koyarwa shi ne na zamanin da amana ta mutu, har uwa ba ta iya barin ɗanta na 'yan kwanaki, matafiyi ba ya iya gaskata abokin tafiya. Alƙur'ani ya haɗa yunwa da tsoro a matsayin tufar da ake sanya wa alƙaryar da ta butulce, a aya ta 112 ta Suratun Nahli, kamar yadda ya haɗa ƙoshi da aminci a matsayin ni'ima a Suratu Ƙuraishi.

Maƙarfi: amincin da ba a kai gare shi ba

A tsakanin fadar Kagara da kasuwar Kano, marubucin ya ajiye Maƙarfi. Can ne korarre ya sami masauki, can ne mutumin da ya rayu da hari ya koma neman abinci da guminsa. Wanda ya san ƙasar, daga Maƙarfi zuwa Ikara da Kudan da Hunƙuyi, ya san ƙasar noma ce, ta rake da mazarƙwaila da hatsi, a kan hanyar da ta haɗa Zariya da Kano. Zaɓin ya dace da ma'ana: garma a maimakon mashi, baƙunta a maimakon makirci.

Amma yaron bai isa Maƙarfi ba. Gidan da Makau ya shirya don mutum uku bai cika ba. Wannan giɓi yana da nauyi a tsarin labarin. Makau ya canja rayuwa, ya bar fada da abin da ke cikinta, duk da haka bai tsira da iyalinsa ba, domin ƙasar da ke kewaye da shi ba ta canja ba. Gyaran mutum ɗaya yana da lada a wurin Allah, amma ba ya wadatar da al'umma ga barin gyaran shugabanci da shari'a. Aya ta 25 ta Suratul Anfali ta yi gargaɗi game da fitinar da ba ta tsayawa a kan waɗanda suka yi zalunci kaɗai. Mutanen Jihar Kaduna na yau, da suka ga yadda satar mutane don kuɗin fansa ta hana manoma da dama zuwa gona, ba sa bukatar a fassara musu wannan alama.

Guguwa: abin da ba hannun mutum ba

Alama ta uku ta bambanta da biyun farko. Guguwar da ta binne ayari ba ta da mahassadi a bayanta, ba ta da dillali. Ta ɗauki mai kirki da mugu, ubangida da bawa, ba ta tambayi kowa ba. Wannan ita ce musibar da ake fuskanta da istirja'i da haƙuri kawai, irin wadda aya ta 155 da ta 156 na Suratul Baƙara suka ambata.

Ajiye guguwa a ƙarshen littafi, bayan jerin musibun da mutane suka ƙulla, yana taimaka wa mai karatu ya auna. Ahlus Sunna sun tabbatar cewa komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, kuma sun tabbatar cewa bawa yana da kasabi, za a tambaye shi abin da ya aikata. Babu wanda za a tsayar ranar hisabi saboda guguwa. Amma fadawan Kagara da ɓarawon yaro da mayaudarin uwa za a tsayar da su. Hadisi ƙudusi da Bukhari ya ruwaito ya lissafa wanda ya sayar da ɗa 'yantacce ya ci kuɗinsa a cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Haƙurin Shaihu Umar ado ne ga wanda aka zalunta, ba takardar wanke laifi ba ce ga wanda ya yi zaluncin. Malamin da ya koyar da littafin ya tsaya a kan “haka Allah Ya so” ya ba ɗalibai rabin aƙida.

Kwatanci da wani littafi na Turai

Ɗalibanmu da ke karanta adabin Ingilishi sukan haɗu da Lord of the Flies na William Golding, wanda ya fito a 1954. Golding ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. A littafinsa yara 'yan makaranta sun maƙale a tsibiri lokacin yaƙi, suka ƙirƙiri dodo saboda tsoro, suka ƙare da kashe junansu, alhali dodon yana cikin zukatansu. Littattafan biyu sun haɗu a kan cewa abin tsoro na gaskiya mutum ne, ba dabba ba. Sun rabu a kan asalin sharrin. A wurin Golding, da zarar an ɗauke doka da tarbiyya sai mugunta ta fito daga cikin yaro, ra'ayin da masu nazari da yawa ke dangantawa da aƙidar zunubin gado. A wurin Ɓalewa yaro shi ne mai tsarki a cikin labarin, manya masu fada da kasuwa su ne suka ɓaci. Wannan ya dace da aƙidar fiɗira da ke aya ta 30 ta Suratur Rumi da hadisin da ya tabbatar cewa kowane jariri a kanta ake haihuwarsa. Suratush Shamsi ta nuna an kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa, rabo na ga wanda ya tsarkake shi. Shi ya sa ilimi ya iya ceton Umar, alhali yaran Golding sai da jirgin soja ya zo, wanda shi ma kayan yaƙi ne.

Inda littafin ya gaza

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi inda littafin ya yi shiru. Mutanen Gwari da aka kamo a harin farko ba su da suna, ba su da uwa mai kuka a cikin labarin. Tausayin mai karatu an tanade shi ne ga Musulmi 'yantacce da aka bautar bisa kuskure. Wannan iyaka tsohuwa ce a rubuce-rubucen yankin. Ahmad Baba na Tambutu, a Mi'irajus Su'ud da ya rubuta a 1615, ya lissafa ƙasashen da ba a halatta bautar da mutanensu ba saboda Musuluncinsu, irin su Barno da Kano da Katsina, kuma ya ƙaryata masu danganta bauta da baƙar fata. Fatawa ce mai ƙarfi a zamaninta, amma tambayar da ta amsa ita ce wane ne ba a bautarwa. Ba ta rufe ƙofar da masu kwaɗayi suka riƙa bi da sunan jihadi ba, alhali sharuɗɗan jihadi, na kira da alkawari da izinin shugaba adali, ba su cika a irin harin Kagara ba.

Haka kuma Abdulkarim. Littafin ya nuna shi mutumin kirki, kuma hakika ya kyautata wa Umar. Amma a cikin fataucin da ke ɗauke mutane daga Kano zuwa bayan hamada yake, hanyar da ta haɗiye uwar yaron da yake ƙauna. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin rauni, cewa marubucin ya sassauta wa mai saye ya tsananta wa mai sata. Ana kuma iya ɗaukarsa a matsayin mafi zurfin abin da littafin ya gano: mugun tsari ba ya bukatar kowa ya zama mugu, ya ishe shi mutanen kirki su ci gaba da ciniki. Karatu na biyu ya fi ƙarfi, domin marubucin ya sa alherin Abdulkarim da wahalar uwar a kan hanya ɗaya, ya bar mai karatu ya haɗa lissafin. Sai dai shirun da aka yi game da mutanen Gwari yana nan, kuma aikin malami ne ya cike shi a aji, ya tambayi ɗalibai: su waɗancan, ina nasu labarin?

Kammalawa

Shaihu Umar ƙaramin littafi ne da wani matashin malamin makaranta ya rubuta yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, amma ya tsara shi da hankalin mai sanin aƙida. Hari ya nuna zaluncin da al'umma ta yarda da shi yana komowa kanta. Kura ta nuna cewa an ɗora tsoro a inda bai dace ba. Guguwa ta ware abin da ake haƙuri da shi daga abin da ake hanawa. Maƙarfi kuwa ta tsaya a matsayin amincin da mutum ɗaya ba ya iya gina wa kansa idan ƙasa ta ɓaci. Shawarar wannan maƙala ga masu koyar da littafin a sassan Hausa da na nazarin addinin Musulunci ita ce su karanta shi tare da babin ƙaddara da babin jihadi da babin shaida, domin ɗalibi ya fita yana rarrabe jarrabawar Ubangiji da laifin bawa. Allah ne Mafi sani, kuma Shi ne abin neman taimako.